Ƙararrawar Minti Goma

A taron likitoci na shekara-shekara, minti goma ake ba kowa, ko da kuwa shi ya ƙirƙiro allura. Mai riƙe da lokaci wata tsohuwar farfesa ce, 'yar siririya, wadda ake kira Uwar Ƙararrawa a bayan idonta. An ce ta taɓa kaɗa wa malaminta ƙararrawa yana tsakiyar magana, ya koma ya zauna, daga baya ma ya gode mata.

Wani likitan ƙaramin asibiti ya san da haka tun kafin ya hau mota. Shi ba neman suna ya kawo shi ba. Wata mata ya baro a gado na huɗu, wata uku tana murƙususun ciwon ciki, jini ya ƙi zama a jikinta, yanzu kuma hannayenta sun saki, ko cokali ba ta iya riƙewa. Dabararsa ta ƙare. Hotunanta da sakamakon gwaje-gwajenta suna shafin ƙarshe na jawabinsa, tare da tambaya guda: wa ya taɓa ganin irin wannan?

Amma da ya tsaya gaban majigi ya hango kawuna masu furfura, mutanen da ya haddace littattafansu, sai ciwon likitoci ya taso masa, wato tsoron kada a ce bai yi karatu ba. Ya shiga jero binciken wane da na wance, jadawali kan jadawali. Saura shafi biyu ƙararrawa ta kaɗa.

"Mama, minti ɗaya kawai."

"Ɗana, na bayanka ma uwa ce ta haife shi. Lokacin tambayoyi ya yi."

Ya fara tattara takardu, yana ganin fuskar matar nan a ransa.

To, a al'adar taron, tambayar farko ta mai ƙararrawa ce. Tsohuwar ta zare tabarau ta dube shi.

"Tun ɗazu bakinka na nan, hankalinka na can gaba. Tambayata ita ce, me ka ajiye a shafin ƙarshe?"

Ya danna. Hotunan suka cika bango. Masu latsa waya suka ɗago kai.

Wani ƙaton likitan fiɗa ya ce, "A buɗe cikin a gani mana."

"Kai dai da wuƙa!" in ji na kusa da shi. "Ko mura aka kawo maka sai ka yanka."

Dariya ba ta gama lafawa ba wata murya ta taso daga layin baya. Likita ce mai duba ma'aikatan masana'antu, wadda jawabinta na safe mutum takwas kacal suka saurara.

"Abokin aiki, koma hoton bakinta. Ƙara masa girma."

A gefen dasashin matar, daidai gindin haƙora, wani siririn layi ne baƙi-baƙi. Sau nawa ya kalli hoton nan bai gan shi ba?

"Mijinta me yake yi?"

"Tsofaffin batiran mota yake fasawa." Sai ya ƙara da cewa, "A tsakar gida."

"Ita ke share wurin ko? Gubar dalma nake zargi, gwaji ne zai tabbatar. Suna da yara?"

"Uku."

"To, marasa lafiyarka sun fi ɗaya."

Ta yagi bayan takardar jadawalin taro, ta rubuta gwajin da za a yi da maganin da za a fara. Takardar ta taho hannu zuwa hannu, daga layin baya zuwa gaba. Wani ya ƙara lambar wayarsa, likitan yara ya ƙara awon da ya dace da ƙanana, har mai wuƙar nan ya rubuta, "Kada a yanka." Minti biyar ɗin tambayoyi na cika ƙararrawa ta sake kaɗawa.

Bai tsaya shan shayi ba. Ya raɓe jikin taga a baranda, takardar a hannu, yana kiran nas ɗinsa. Wayar na ringi Uwar Ƙararrawa ta zo wucewa da kofinta.

"Baɗi ka fara da shafin ƙarshe," ta ce, ba ta ko tsaya ba.

Ya rusuna mata. A ɗaya ɓangaren nas ta ɗauka.

"Gado na huɗu," ya ce. "Nemo biro. Kuma a aika a kawo mini yaranta duka ukun."