Sallama Uku a Ƙofar Inna Shafa'atu

Jamilatu ta yi sallama ta uku, ta tsaya da kwanon kunu a hannu. Babu amsa. Amma sautin nan yana fitowa daga bayan ƙofar, ƙas, ƙas, ƙas, kamar tsinkayen saƙa suna haɗuwa.

Inna Shafa'atu ita ce tsohuwar da ke maƙwabtaka da su a hawa na huɗu, a wani bene na unguwar Plumstead, can ƙasar Turawa. Ita kaɗai take zaune tun da ɗanta Abdul-Rashid ya koma Dagenham da iyalinsa. Shi ya bar wa Jamilatu makullin ɗakin, ko da wani abu zai taso. Yau Alhamis, kuma tun Litinin babu wanda ya ga fuskar Inna.

Ranar Talata Jamilatu ta zo ta yi sallama uku, ta ji ƙas-ƙas ɗin, ta juya. Haka aka tarbiyyantar da ita: in ka yi uku ba a amsa ba, ka koma. Laraba ma haka ta yi. Mijinta Almu ya ce ai in Inna tana ƙirga idon saƙa, ko gobara aka yi ba ta amsawa. Gaskiya ne kuma. Wata guda ke nan Inna tana saƙa wa jikarta Zarah abin wuya na ulu, irin zagayayyen nan da ake zurawa ta ka. Ta ce tunda yarinyar ba ta taɓa ganin garinsu Gembu ba, za ta rataya mata Gembu a wuya. Ta nuna wa Jamilatu kalolin ɗaya bayan ɗaya: kore mai duhu na gonakin shayi, ja na ƙasar hanya in an yi ruwa, sai ruwan toka na gajimaren da ke sauka kan tuddan Mambila har saniya ta ɓace a gabanka. Tokar ce ta rage mata.

Jamilatu ta ajiye kwanon a ƙasa, ta kira Almu a wurin aiki.

"Zan buɗe ƙofar nan."

"Haba Jamila. Ki faɗa wa dattijuwa ɗaki babu izini? In tana sallah fa?"

"Sallar kwana uku?"

Ya ce ta fara tambayar ɗan Inna. Abdul-Rashid ya ce yana cikin taro, kuma Inna dama ba ta ɗaukar waya, a bar ta ta huta. Abin da ke ƙona wa Jamilatu rai ke nan da mutanenta. Bene guda, gidajen Hausawa biyar, kowa ya iya gaisuwa mai tsawo, amma babu mai son a ce shi ne marar kunyar da ya tura ƙofa. Ita ma da take karatun kiwon lafiya a Aldwych, sau biyu tana juyawa da makulli a aljihu.

Ta murɗa makullin. Zafi ya bugi fuskarta, hita mai ɗumama ɗaki a kunne, labule a sake. Inna na kwance a ƙasa tsakanin gado da kujera, ta gefen dama, bakinta ya karkace, saƙar tana ƙarƙashin hannunta. Jamilatu ta durƙusa ta taɓa wuyanta. Sanyi ƙalau.

Ƙas, ƙas, ƙas.

Gashin jikinta ya miƙe. Ta dubi tsinkayen, ba sa motsi. Ta daɗe a durƙushe kafin ta gane daga inda sautin yake fitowa: bututun hita ne a jikin bango, yana ƙara in ya ɗauki zafi.

Masu motar asibiti suka iso kafin azahar. Macen cikinsu ta ce da alama shanyewar ɓarin jiki ce ta kayar da Inna, ta ɗauke mata magana. Jamilatu ta tambayi yaushe ran ya fita. Matar ta ce ga dukkan alamu bai wuce jiya ba.

Jamilatu ta ja da baya don ta ba su wuri, sai diddigenta ya taɓa wani abu mai laushi. Dunƙulen ulu ne mai ruwan toka, a jingine da bakin ƙofa, ta tsallake shi da ta shigo ba ta gani ba. Ta bi zaren da ido. Ya ratsa tsakiyar ɗakin a miƙe, ya wuce ƙafar kujera, har zuwa hannun hagun Inna, wanda yake buɗe, yana fuskantar ƙofar, kamar yanzu ya mirgino dunƙulen don amsa sallama.