Bindigar Odell

A ofishin 'yan sandan garin su Marisela a Oklahoma, Amurka, abokan sintiri bindiga iri ɗaya suke riƙewa, don in harsashin ɗaya ya ƙare ya karɓi na ɗan'uwansa. Odell, abokin sintirin Marisela, ba ya taɓa komai sai babbar bindigar nan mai ƙarfi, .45. Ita kuwa kowane harbi sai bindigar ta fizge mata hannu, har ta faɗi gwajin saiti. In ta sake faɗuwa, aikin tebur za a mayar da ita.

"Odell, don Allah mu koma ƙaramar bindiga, 9mm. Da ita ba na kuskure."

"Ta harbin ɓeraye? Ki dai ƙara cin nama, ƙanwata."

Haushi ya kama ta. Washegari ta tsaya gaban sajensu, ta ce a canza mata abokin sintiri.