Kwanon Aji Shida

Iskar farkon damina ta zo wa garin Malanville na ƙasar Benin da rashin mutunci. Ta yaye kwanon rufin aji shida na makarantar unguwarsu Sa'a, ta watsar a gonakin bayan gari. Ajin 'yarta Munawwara ke nan, ga jarrabawar fita firamare ta matso. Yara suka tattaro kwanon suka jingine a katanga, amma kafin azahar Alhaji Na-Allah, babban dillalin albasa kuma shugaban ƙungiyar iyayen yara, ya aiko da amalanke aka kwashe. Wai zai adana kada ɓarayi su yi gaba da shi.

Iyaye ba su naɗe hannu ba. Sun yi taro, sun bi ofis-ofis, har Sa'a ta taɓa binsu ta wuni a kan benci ko ruwa ba a ba ta ba. Amsar ɗaya ce ko'ina: can Kudu manya sun kasa daidaitawa a kan kasafin kuɗi, ba abin da zai sauko wa makarantu sai sun gama rigimarsu. Da iyaye suka ce to a dawo da tsohon kwanon su buga da hannunsu, sai Alhaji ya gyara zaman babbar riga, ya ce kayan gwamnati ne, ba a taɓawa sai da izini. Nasa 'ya'yan kuwa makarantar kuɗi suke zuwa, ko ɗigon ruwa bai san kansu ba.

Aji shida ya koma gindin bishiya. Da hadari ya haɗu sai malam ya sallami kowa. Munawwara ta riƙa dawowa da littattafai a jiƙe, tana shanya su kusa da murhu tana kuka, don mahaifinta ya riga ya faɗa: in ta faɗi, ba maimaici, kasuwa za ta shiga talla.

Sa'a ma'aikaciyar Alhajin ce. Ita da wasu mata ke juya masa albasa, suna tsince wadda ta fara ruɓa kada ta ɓata sauran. Ranar da aka kai su sabuwar rumfarsa ta bakin kogi, ta miƙe don ta hutar da ƙugu, ta ɗaga kai. Sai ga jan fenti a gefen kowane fallen kwanon rufin. Iyayen yara ne suka shafa shi a kwanon aji shida da hannunsu saboda tsatsa, kuma ita ce ta riƙe gwangwanin ranar. Ta tsaya tana kallo har wuyanta ya ƙage. Ashe izinin albasa ya fito tun tuni!

Da yamma ta je wajen Ɗan'iya kafinta, wanda shi ma ɗansa na ajin. Ya ji, ya yi salati.

"Gobe da sassahe mu tahi mu kwance abinmu," in ji shi.

"A'a, Malam Ɗan'iya. Ku dai aje tsani da guduma kusa. Ni za ni hwaɗa muku rana."

Gaskiyar magana, ba kwanon kaɗai take so ba. So take Alhaji ya ji a jikinsa. Ko yaro ya san albasar da ruwan sama ya doka ba ta ajiyuwa. Saboda haka ta ci gaba da zuwa aiki, tana durƙusawa ta gaishe shi, tana duban sama. Ta san kowace ranar da ta jira, 'yarta ce a gindin bishiya. Abin ya yi mata ciwo, amma ba ta sauko ba.

Wata la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin ta wajen Gaya da ke tsallaken kogi, iska ta fara ɗauke ledoji. Sa'a ta kakkaɓe zani, ta aika a kira Ɗan'iya. Kafin a ce me, iyaye sun cika bakin rumfa, maza a sama suna zare ƙusa, mata a ƙasa suna karɓa.

Alhaji ya iso a bayan babur, ko hula babu.

"Mi kuke yi haka? Jandarma za ni kira!"

"Kira su, Alhaji," in ji Sa'a. "Su zo su ga jan fentin lakwal, makarantar ɗiyanmu, bisa rumfarka, ka gwada musu inda anka ba ka izini."

Ya dubi fentin, ya dubi sama. Nan take murya ta sauka.

"Sa'a, ɗiyata, don Allah ku bari sai gobe, in kwashe kayana. Dukiyar mutane ta."

"Littattahen ɗiyata ma dukiya ta, Alhaji. Wa ya ce ma ruwa shi jira ta kwashe su?"

Fallen ƙarshe na sauka, ruwa ya ɓalle kamar da bakin ƙwarya. Mata suka ɗora kwano a ka suka yi jerin gwano zuwa makaranta, Sa'a a gaba. Ta waiwaya ta hango shi ya tuɓe babbar riga yana ƙoƙarin rufe tulin albasar da ko manyan tamfal ba za su rufe ba. Ba ta ji tausayinsa ba ko kaɗan. Daɗi ta ji, har cikin ranta.

Washegari Ɗan'iya ya buga kwanon, aji shida ya koma ɗaki. Sa'a kuwa aiki ya ƙare mata, don babu dillalin da ya sake yarda ta taɓa masa albasa. Ta koma wankau a gidajen mutane.

Bayan 'yan kwanaki warin ruɓaɓɓiyar albasa ya taso daga bakin kogi har kan titi, masu wucewa suna toshe hanci suna tsaki. Sa'a ta zo wucewa da kwanon abincin Munawwara. Ta tsaya daidai rumfar, ta ja numfashi mai tsawo, ta sake ja, sannan ta ƙara sauri kada a tashi tara yarinyar ba ta ci komai ba.