Yadda Baba Yake Karanta Mai Tabo

Baba bai iya karatu ba. Lamba ya sani, don kafinta ne, awo ba ya kuɓuce masa. Amma harafi, ko sunansa da siffa yake gane shi. Kowa a gidan ya san haka, ban da jikoki.

Yana da tsofaffin littattafan zane a cikin wani kwali, ƙarƙashin bencin shago. Tun yana koyon aiki ya tsince su a durowar da aka kawo gyara. Labarin wani matashin matuƙin jirgin ruwa ne, da wani dogon mutum mai tabo a kunci. Baba yakan buɗe shafi, ya ɗora yatsa ƙarƙashin rubutun da ke fitowa daga bakin mutanen, ya riƙa jansa a hankali, labari yana fita daga nasa bakin. A wurinsa Mai Tabo yayan Matuƙi ne. An raba su tun suna ƙanana, shi ya sa yake binsa gari gari, yana laɓewa, yana tsaronsa ba tare da ƙanin ya sani ba. Har murya Baba yake masa, mai kauri, mai sanyi. Da wannan labarin muka tashi, ni da Yaya. Yanzu 'ya'yanta biyu ke zama a kan garin katako suna ji.

Ina ƙaramin aji a sakandare na ɗauki littafin na karanta da kaina. Mai Tabo ba yayan kowa ba ne. Shi ya nutsar da jirgin uban Matuƙi, kuma bin da yake wa yaron na neman ransa ne. Na mayar da littafin cikin kwali, ban gaya wa kowa ba. Yaya ba ta taɓa dubawa ba, ta ce me za ta duba a abin da ta haddace.

Na gama makaranta, aiki bai samu ba. Na dawo shago ina goge katako. Baba ya sa mini suna Mai Satifiket, kuma ba ya kirana da shi sai in da mutane.

Ran nan Yaya ta shigo da wayarta a hannu, tana dariya tun daga ƙofa. An mayar da littafin Baba fim, na zane mai motsi, ana nunawa a silima. Ta riga ta sayi tikiti, na kowa da kowa. Baba ya ajiye zarto, ya karɓi wayar, ya daɗe yana kallon hoton Mai Tabo. Ya ce sun yi masa adalci a hanci. Mama ta ce ita ba za ta je ta zauna a duhu tana kallon mutanen takarda ba, amma a wannan yammacin ta fito masa da rigarsa mai kyau ta goge.

Ni na san abin da zai faru. A fim ba a karanta komai, magana suke yi, kowa ya ji.

Na yi niyyar gaya wa Baba. Da safe ne, mu biyu a shago, yana fiƙe fensir da wuƙa. Na shirya maganar a raina. Kafin in buɗe baki mai teburin da muke haɗawa ya shigo, aka gwada ƙafafu, ɗaya ta gaza. Ni na yanke ta. Baba ya ɗaga ta sama ya nuna wa mutumin, ya ce ga aikin Mai Satifiket, duk karatun nan tef ɗin awo ya gagare shi karantawa. Suka yi dariya. Na koma kan takardar goge katako. A raina na ce, to, ya je ya gani.

Bayan nan dama ta sake zuwa, ba sau ɗaya ba. Fushin ma ya wuce. Ban dai faɗa ba.

Silimar ta cika. Na zaci yara zan tarar, sai ga manyan mutane da furfura, wasu da tsofaffin littattafan a hannu cikin leda. Baba ya ga haka ya ƙara miƙe wuya, kamar wanda ya shiga cikin danginsa. Ya zauna a tsakiyar jikokin. Babbar, wadda muke kira Sarkin Tambaya, tana damansa, ƙaramin yana hagu da gugguru a cinya. Ni da Yaya a gefe. A bayanmu akwai wani mai gilashi da riga mai hoton Matuƙi a ƙirji. Tun kafin a fara yake gaya wa abokinsa cewa in suka taɓa labarin zai tashi ya fita.

Aka kashe fitila. Teku ta motsa. Ruwan da na sani a tsaye a takarda, ga shi yana tashi yana faɗuwa. Na ji Baba ya ja numfashi. Da Matuƙi ya yi magana ya sunkuya ya gaya wa yaran cewa muryar ta yi siriri, ba haka take ba, amma a yi haƙuri da su. Mai gilashi yana faɗin kowace magana kafin a faɗe ta a fim, har wata mata ta juya ta ce masa ko ya hau can ya karɓi aikin.

Sai Mai Tabo ya fito daga bayan wasu ganguna, da doguwar rigarsa. Ɗakin ya ɗauki tsaki da ihu. Wani ya ce ga la'ananne nan. Baba kaɗai ya tafa. Tafi uku ko huɗu, mai ƙarfi, irin na hannun da ya saba da guduma. Mutane suka juyo. Ya yi murmushi, ya ce wa yaran su ƙyale su, ba su san ƙarshen ba.

Na nutse cikin kujera.

Ba a daɗe ba aka nuna abin da ya faru a baya. Mai Tabo da gatari a cikin jirgin uban Matuƙi, yana fasa katako, ruwa yana shiga. Ya hau ƙaramin kwalekwale ya tafi yana dariya, uban yana kiran sunan ɗansa. Babu wata fassara daban da za a yi wa wannan. Ƙaramin ya daina cin gugguru.

"Kaka, ba ka ce yayansa ba ne?" in ji Sarkin Tambaya. Ba ta iya raɗa ba, layi biyu sun ji.

"Canzawa suka yi," in ji Baba. "Haka 'yan fim suke."

Hasken allon yana sauka a fuskarsa, ni kuma fuskar nake kallo, ba fim ɗin ba. Hannuwansa suna kan gwiwa. Duk sanda Mai Tabo ya buɗe baki, leɓen Baba yana ɗan motsi, kamar zai gyara masa. Yaya ta taɓa ni da gwiwar hannu, ta tambaye ni da ido. Na yi kamar ban gani ba.

Da Mai Tabo ya faɗa teku a ƙarshe, ɗakin ya tashi da tafi. Ƙaramin ma ya tafa, sannan ya kalli kakansa ya sauke hannu.

A hanyar fita mai gilashi yana ta zuba. Ya ce wannan ne karo na farko da aka ɗauki littafi ba a ci amanarsa ba, kalma da kalma, in ban da launin hular Matuƙi. Da Baba ya wuce shi, da shi ke nan. Bai wuce ba. Ya tsaya ya ce masa, ɗana, sun ɓata labarin, sun mayar da ɗan'uwa maƙiyi. Mutumin bai yi rashin kunya ba. Ya cire gilashi, ya tambaya cikin ladabi ko wani bugu ne daban Baba ya karanta, don shi duk ya tara su, bai taɓa ganin wannan ba. Mutane suka fara rage tafiya.

Baba ya waiwayo ya neme ni.

"Kai ka yi makaranta. Zo ka gaya masa abin da ke cikin littafin."

Bai ce Mai Satifiket ba. Yaran suna riƙe da rigarsa, suna kallona. Da na ce haka ne, namu bugun daban ne, da mutumin ya ɗaga kafaɗa ya tafi. Da na faɗi gaskiya, da aƙalla na tsaya a wuri ɗaya.

"Na manta, Baba," na ce.

Ya kalle ni. Ya san ba na manta abin da na karanta, shi da kansa yake faɗa wa mutane haka in ba na kusa, Mama ta sha gaya mini. Ya gyaɗa kai, ya ba mai gilashi haƙuri, ya ja yaran muka fita.

A mota Sarkin Tambaya ta ce ba komai, in an je gida ita za ta duba, yanzu ta iya haɗa baƙi. Yaya ta ce ta rufe wa mutane baki. A gida Mama ta tambayi yadda mutanen takarda suka yi, Baba ya ce sun yi ƙoƙari, tekun ta yi kyau. Ya cire rigar ya rataye. Yaya ta tare ni a bakin famfo ta ce tun yaushe na sani. Na gaya mata. Ta ce ni mugu ne, ba da ƙarfi ba, ta ɗebi 'ya'yanta suka tafi.

Washegari na riga shi zuwa shago, na share, na jera ƙusoshi. Ya zo ya yi aiki har rana ta ɗaga, ko gyara bai yi mini ba. Sannan ya kakkaɓe hannu, ya jawo kwalin, ya zaro littafi na farko ya miƙo mini. Ya ce kafin yarinyar nan ta zo ta karanta masa a gaban ƙaninta, gara ya ji daga bakina.

Muka zauna a kan benci. Na fara. Muryata ba ta da daɗin tasa, karatu kawai nake yi. Yana bin zanen da ido, ni ina bin rubutun. Bai katse ni ba sai da muka kai wani shafi: Matuƙi ya zame a bakin jirgi, Mai Tabo ya cafko wuyan hannunsa. Na karanta abin da ke rubuce. Cewa yake ba teku ce za ta kashe shi ba, shi zai yi da hannunsa.

Baba ya karɓi littafin ya matso da shi kusa da ido. Ya daɗe a kan fuskar Mai Tabo.

"Haka aka rubuta?"

"Haka aka rubuta."

"To wanda ya zana bai ji ba," ya ce. "Dubi yadda ya riƙe shi."

Na duba.

Ya mayar mini da littafin, ya ce in ci gaba, kuma in yaran suka zo ni zan riƙa karanta musu daga yau. Na ce ai nasa suka fi so. Ya ce ba tambayata ya yi ba. Ya tashi ya ɗauki zarto, ya juya mini baya, ya ce in ɗaga murya don ya ji.