Gariba Ba Tsani Ba Ne

Gariba ya buga wa wata kwaleji ƙwallon kwando har hotonsa ya fito a jarida, kafin gwiwarsa ta dama ta ce ita kam ta gaji. Ya dawo unguwarsu Morrisania, a can Amurka, yana tuƙa bas. A masallacin 'yan Zongo kuwa, ba wanda ya taɓa tambayarsa yaya wasan ya kasance. Tsawo kawai suke gani. Ƙwan lantarki ya mutu, a kira Gariba. Za a rataya labule, ina Gariba? Har tsanin masallacin Alhaji Damata, shugaban kwamiti, ya kyautar, wai me za a yi da tsani ga Gariba.

Abu ɗaya ya roƙa: makullin filin bayan masallaci, inda aka jibge karyayyun kujeru, ya riƙa koya wa yaran unguwa ƙwallo.

"Ɗana, ƙwallo ai shiririta ce," in ji Alhaji. "Kai da ka yi, ina ta kai ka?"

Maganar ta yi masa zafi, har a gwiwar ya ji ta.

Sai Nuwamba ta zo, Amurka ta mayar da agogo baya da awa guda kamar yadda ta saba. Agogon masallacin yana can sama kusa da silin, kuma da shi ladan ke kiran salla, don tsohon bai yarda da waya ba. Kullum Gariba ke gyarawa. Wannan karon ya ƙi.

Ranar Juma'a ladan ya rangaɗa kira awa guda kafin lokaci. Direbobin tasi suka sauke fasinja suka sheƙo, suka tarar liman ko wanka bai yi ba.

Alhaji ya tare Gariba a gaban jama'a. "Don Allah miƙa hannu mana."

"Alhaji, ni coach ne, ba tsani ba. Ku sayi ladder."

Direbobi suka hau surutu. Alhaji ya zaro makullin filin a fusace ya wurgo masa. Gariba ya cafke da hannu ɗaya, ko kallo bai yi ba.

Ya sauko da agogon ya gyara. Sannan ya nemo ƙusa ya kafa daidai kafaɗar Alhaji, ya rataye shi a nan.

"In Maris ta zo aka sake canja agogo, Alhaji, hannunka zai kai. Ni ina fili."