Amsar da Na Kawo wa Najiba

Najiba, babbar 'yata, ta dawo hutu daga kwaleji da tambayar da ta fi ƙarfina. An ce su zaɓi babban darasi da ƙarami, tsakanin fiziks da kwamfuta.

"Baba, kamar masara da wake ne a gona ɗaya," in ji ta. "Ɗaya ne uwar shuka. Kai nake jira, Litinin za mu koma."

Ni iyakata firamare. Ita ce ta farko a gidanmu da ta kai nan, ƙannenta duk ita suke kallo. In na zaɓa mata wanda ba ya ci da mutum, ni na cuce ta.

Na hau babur zuwa Kafur wurin Malam Rabe, wanda ya yi digiri a fiziks. Na same shi a bakin kasuwa yana auna taki da tiya.

"Fiziks, Malam Ummaru?" Ya yi dariya har da tari. "Ga fiziks nan cikin tiya. Na ƙare ƙuruciyata a ɗakin gwajin da ko batir babu. Ta ɗauki kwamfuta, can duniya ta nufa."

Hankalina ya ɗan kwanta. Washegari na kai auduga Funtua, na biya wurin Awaisu, ɗan aminina, wanda ya karanta kwamfuta. Rumfar cajin waya gare shi, janareta na ta ƙara.

"Kawu, kada ka yarda!" ya ce. "Ka ga wancan mai tura wa mutane waƙoƙi a waya? Shi ne na ɗaya a ajinmu. Yanzu ma wai na'urar da kanta take rubuta abin da muka koya. Najiba ta yi fiziks, ko ba komai ana neman malamai."

"Amma Malam Rabe ya ce..."

"Malam Rabe bai taɓa wuni a rumfar nan ba."

Da la'asar na tarar da Najiba a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Ta miƙe tana kakkaɓe zane.

"Baba, me suka ce?"

"Ke wanne kika fi so?"

"Fiziks, amma ina tsoron..."

"To, shi ne."

Ta ruga ɗaki tana kiran uwarta, wai Baba ya yi bincike har gari biyu, masana sun tabbatar. Na koma zaure na zauna a kan buhun masara. Ina jin dariyarsu, ban iya tashi na gyara maganar ba.