Akwatin da Wendell Ya Sayo a Gwanjo

"Ba zan buɗe ba," in ji Noreen.

Wendell, mijin yayarta, yana tsaye a kan matakalar ɗakin ƙasa inda take kwana take kuma aiki, riƙe da rimot. A sama abokansa sun cika falo, ƙamshin soyayyen fukafukin kaza ya game gida, ana dab da take ƙwallon Lahadi, talabijin kuwa baƙi ƙirin.

"Ba shawara na zo nema ba, Farfesa. Abin da kika danna, ki warware shi."

Rigimar ta faro ne tun ranar da kamfanin intanet ya canza musu rauta, na'urar da ke raba intanet a gidan. Manhajar tsaron da Noreen ta sa wa gidan lokacin da ta tare ta kasa gane sabuwar hanyar, ta ɗauke ta tamkar intanet ɗin shagon kofi, ta rufe kowace ƙofa. Firinta ta ɓace. Kwamfutar yayarta Paulette ta daina ganin hotunan yara. Kowa ya ce laifin Noreen ne da tsirfarta. Ta haɗiye, ta zauna ta kashe rauta ta kunna, ta goge tsohon sunan layin, ta nuna wa manhajar cewa nan gida ne, sannan ta sa ta lalube duk abin da ke kan layin. Firinta ta dawo. Amma a cikin wayoyi da kwamfutocin gidan sai ga wani baƙo marar suna, yana ƙwanƙwasa kowace na'ura, yana kuma aika wani abu waje dare da rana. Ta bi sawunsa har bayan talabijin. Wani ɗan baƙin akwati ne da Wendell ya sayo a kasuwar gwanjo, wai yana nuna kowane wasa kyauta. Manhajar ta katange shi, kalmar sirri kuma tana hannun Noreen.

"Na faɗa maka tun jiya," ta ce. "Bayanan marasa lafiya nake aiki da su. Sunayen mutane ne da cututtukansu. Akwatinka yana leƙen kwamfutata."

"Akwati ne yake leƙe? Ido gare shi?"

"Ka je mashaya ka kalla, ko ka sayi tashar kamar kowa."

Daga falo wani ya ɗaga murya: "Wendell, ko an yanke maka wuta ne?" Aka bushe da dariya. Jijiyar wuyan Wendell ta miƙe.

Paulette ta sauko tana goge hannu da tsumma. Ta yi ƙasa da murya. "Autar Mama, don girman Allah. Yau kaɗai. Baƙi gare shi."

"Yaya, ɓarawo kwana nawa yake bukata? Ke ma a kan layin nan kike shiga bankinki."

"To naki ne? Ki bar ni da bankina."

Wannan ta fi ta Wendell zafi. Tun da Noreen ta shigo gidan take shanye magana. Ita ce ɗauko yara daga makaranta, ita ce kwashe ƙanƙara a ƙofar gareji, ita ce wanke tukwanen da ba ta ci a ciki ba. Duk sanda aka zauna cin abinci sai Wendell ya tambayi yara ko digiri yana hana mutum zama a ramin gidan wani. Ba ta taɓa tanka masa ba. Ta ɗauka yayarta tana gani.

"Kin ji dai," in ji Wendell. "Gidana ne, layina ne. Ko ki danna, ko ki tattara."

Noreen ta dubi allon. Manhajar ta ajiye mata tambayar a fili: a amince da wannan na'ura? Dannawa ɗaya ce, a yi ƙwallo, a ci kaza, kowa ya manta. Ta tuna matar da ta shigar da bayananta ranar Juma'a, wadda ta roƙa kada ko mijinta ya san abin da likita ya gano.

"A'a," ta ce.

Wendell ya juya. Ya haura sama, ya zari tsinken sakace daga kan faranti, ya tsugunna gaban rauta, ya cusa shi a ɗan ramin da ke bayanta ya danne. Fitilun suka mutu, suka dawo. Rauta ta koma yadda ta zo daga kamfani, duk katangar da Noreen ta gina ta rushe. Ba a jima ba falo ya ɗauki sowa, an jefa ƙwallo.

Noreen ta tsaya a ƙasa tana jin sowar. Ashe tun farko ya san hanyar. Ba akwatin ne ya sauko da shi ba. So yake ta danna da yatsanta a gaban yayarta.

Ta fizge wayar intanet daga kwamfutar, ta rufe ta, ta jawo jakarta daga ƙarƙashin gado.

"Kan akwatin talabijin za ki bar gidan 'yar'uwarki?" in ji Paulette. "Wannan taurin kan ne zai kashe ki."

"Ki canza kalmar sirrin bankinki, Yaya."

Ta bi ta falo da jaka. Babu wanda ya ɗauke ido daga wasan.

Yanzu a wani masauki take a bakin babbar hanya, ɗaki mai warin tsohuwar taba, inda manyan motoci ke girgiza taga. Kwamfutarta lafiya lau, aikinta na nan. Amma ta rasa ɗakinta, ta rasa ɗaukar yaran da ke rugowa su rungume ta a ƙofar makaranta. Paulette ba ta ɗaga wayarta. Da bikin Godiya ya zo, ranar da dangi ke taruwa su ci abinci tare duk shekara, an yanka talo-talo a gidan, ba a ajiye mata kujera ba.